Buhun ƙyallayena da milimita biyun da suka hana ni barci

Ni dai tun da nake ban taɓa iya jefar da ƙyalle ba. Ko ɗan wanda bai kai tafin hannu ba ne, in dai yadin ya yi min kyau sai in ninke shi in cusa a wani tsohon buhu da ke bayan ƙofar ɗakina, wai ai wata rana zai yi amfani. Wata ranar nan ta yi shekaru ba ta zo ba, buhu ya cika ya batse har na ƙara da jaka biyu, maigida kuwa duk sanda ya zo wucewa sai ya ɗan taɓa shi da ƙafa ya ce, "Wai wannan dukiyar taki yaushe za a fara cin moriyarta ne?" in ce masa ya bari dai, lokaci ne. Har ga Allah ni ma ban san me zan yi da su ba. Akwai ragowar atamfofi, akwai hannun rigar da aka rage, akwai zanen gadon da tsakiyarsa ta mutu amma gefe na nan garau, ga rigunan yara da suka yi musu kaɗan kuma sun sha jiki ba su kai a ba wani ba.

Gara in faɗa tun yanzu, ni ba tela ba ce, kar wata ta karanta ta ɗauka darasi ne daga bakin gwana. Keke dai ina da shi, baƙin nan na ƙafa, kuma a da abin da nake yi da shi bai wuce kalmasa ba, sai rage siket, sai faci a gwiwar wandon yara, in na ji ƙarfi in ɗinka rigar filo. Sha'awa ce kawai, irin wadda in an gama aiki gida ya yi tsit sai mutum ya zauna yana taka keke yana jin ƙarar nan tasa, hankali ya kwanta.

To wata rana ina ta latse-latsen waya sai na ci karo da hoton wani bargo da aka haɗa da ƙananan ƙyallaye zalla, kala-kala, an jera su reras gwanin sha'awa. Turawa kwilt suke ce masa, ni kuwa bargon faci nake kiransa don shi ya fi zama min a baki. Da na bi diddigi sai na ga ashe hawa uku ne, na sama shi ne fuskar da ake haɗawa da ƙyallaye, na tsakiya shimfiɗaɗɗiyar auduga ce ko wani abu mai laushi da ke riƙe ɗumi, na ƙasa kuma yadi ne guda, shafi ke nan, sai a bi duka ukun da ɗinki a haɗe su don kar na tsakiyan ya dunƙule wuri ɗaya in an wanke. Kuma ba abin jiya ba ne, akwai kwilt ɗin da aka ɗinka a tsibirin Sisili tun ƙarshen ƙarni na 14, ko da yake shi fuskarsa ba ta faci ba ce, yanzu haka wani sashensa yana gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan. Na dubi hoto, na dubi buhuna, na ce shi ke nan, ranar ta zo.

Na zauna da biro da takarda kamar gaske. Bargon yaro nake so, faɗi santimita 120, tsawo 160, kowane ƙyalle ya tashi santimita 10 ta kowane gefe bayan an ɗinke. Wato 12 a kwance, 16 a tsaye, jimla 192. Na karanta cewa masu wannan aiki kwatan inci suke bari na cin ɗinki, wato ɗan bakin yadin da ɗinki ke haɗiyewa, kimanin milimita 6 ke nan a kowane baki, don haka sai a yanka kowane ƙyalle santimita 11.2. Duk wannan na rubuta shi daidai ba kuskure. A takarda kam babu wadda ta fi ni iyawa.

Sai na yanki kwali na mai da shi ma'auni, in ɗora a kan yadi in zagaye da biro in bi da almakashi, kwana huɗu ina abu ɗaya. Abin da ban lura ba shi ne kwali cinyewa yake yi, duk zagaye ɗaya sai biro ya ɗan ci bakinsa, kafin in gama kusurwoyin sun zama kamar an lashe su, ƙyallen ranar farko da na ranar ƙarshe ba girmansu ɗaya ba. Ga kuma rowa, don kar in yi asarar yadi sai in juya kwalin ta duk inda zai shiga, a miƙe ne ko a karkace oho. Na zo ɗinki kuma da ido nake auna cin, in na nutsu ya yi 6, in wani yaro ya ƙwala kira na waiga ya tafi 8 ko 9 ban sani ba.

Layi 16 na haɗa, kowanne da ƙyalle 12, na shimfiɗa su a ƙasa ina jin kaina, kawai sai na ga wani ya fi wani tsawo da kusan faɗin yatsa uku. Umma ta shigo ta tarar da ni durƙushe ina jan wani layi, dole sai ya kamo ɗan'uwansa, ta tsaya ta kalla ta kalla sannan ta ce, "Ke kuwa, yadi ai ba roba ba ne. Farke shi za ki yi." Na ce, "Umma, duka?" Ta ce, "To da wa kika bar wa?" ta wuce abinta.

Da daddare barci ya ƙi zuwa, na jawo takardar nan na sake lissafi, a nan ne abin ya fito fili. Layi mai ƙyalle 12 ɗinki 11 ne a cikinsa, kowane ɗinki kuma ƙyalle biyu yake ci, na dama da na hagu. To in na ƙara milimita 2 kacal a kan cin da ya kamata, ɗinki ɗaya ya haɗiye milimita 4 ke nan, sau 11 ya zama 44, kusan santimita huɗu da rabi sun tafi a layi ɗaya ban ga fitarsu ba. Milimita biyu fa! Abin da ko a jikin rula sai an ƙura ido kafin a gan shi. Ɗan hakin da ka raina ke nan, ni kam ya tsone min ido har ya yi ruwa. A ɗinkin riga wannan ba ya nunawa sosai don ɗinki biyu ne ko uku a gefe, in ya ɗan shiga ko ya ɗan fita jiki zai ɗauke, amma bargon faci ɗinki ne a kan ɗinki, kuskure ba ya ɓacewa, taruwa yake yi kamar bashi.

Na farke. Kwana uku, da ɗan ƙarfen nan mai baki biyu na farke ɗinki, don da na fara da reza ƙyalle biyu ta yanka min tun ba a je ko'ina ba.

Dabarar da ta cece ni ba wata babba ba ce. Na sa rula a ƙarƙashin ƙafar keke, na sauke allura a hankali ta tsaya daidai kan milimita 6, sai na liƙa salatif na takarda a farantin keken a jikin bakin rular, hawa biyar ko shida a kan juna har ya yi ɗan tudu. Shi ke nan bakin ƙyalle sai ya riƙa gogar tudun yana wucewa, kuma ido ya daina kallon allura, don allura ta san aikinta ba inda za ta je, bakin ƙyalle shi ne abin kallo. In ana so a tabbatar, a yanko ƙyalle uku masu faɗin santimita 5 a haɗa su a goge, sai a auna na tsakiyan, in ya ba da 3.8 to an dace, in ba haka ba a matsar da salatif ɗin a sake. Sau uku na matsar da nawa kafin ya zauna. Tsawon ɗinkin ma na rage shi zuwa wajen milimita 2, don ƙananan ƙyallaye ba a komawa baya a ƙulle bakinsu, ana tura wannan sai a bi shi da wancan ba a yanke zare ba, su fito ta baya a jere kamar an shanya su a igiya, in ɗinkin ya yi tsawo bakunan kwancewa suke yi.

Kwalin kuwa na jefar, shi dai ban ji ciwon rabuwa da shi ba. Daga baya na samu wuƙar nan mai kama da taya wadda ake gangarawa a kan yadi, da rula mai faɗi wadda ake gani ta cikinta, da faifan roba na yanka. Kamfanin Olfa na Japan ne ya fito da ita a 1979, kuma wadda aka fi amfani da ita mai milimita 45 ce. Wallahi ranar da na ninke yadi huɗu na gangara ta sau ɗaya suka fita tas kai ɗaya sai da na ji haushin kwana huɗun nan da na yi da almakashi. Sai dai kaifinta na reza ne, ba ta san yatsa ba ba ta san yadi ba, da an ajiye a rufe ta ko da numfashi za a yi a dawo, ballantana gidan da ke da yara. Wadda ba ta da ita kuma almakashi ya isa, a dai yi ma'aunin da roba mai tauri ba kwali ba, kuma almakashin yadi kar wanda ya taɓa shi ya yanka takarda, a gidanmu wannan har faɗa ake yi a kansa.

Rowar da na yi ta juya ma'auni ita ma ta ci ni. Yadi saƙa ne, zare a tsaye zare a kwance. In an ja shi ta tsaye kusan ba ya motsi, ta kwance yana ɗan bayarwa kaɗan, amma a ja shi a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa a ga ikon Allah, miƙewa yake yi kamar ba shi ba. Duk ƙyallen da na yanka a karkace da keke ya ja shi sai ya fito ya murguɗe kamar bakin mai jin haushi, guda talatin da wani abu na ware na sake yankan wasu. Haka ma ƙyallen rigar nan mai talewa da yadi mai santsi, na fitar da su gaba ɗaya, auduga zalla na bari masu kauri kusan ɗaya. Tsofaffin kuma sai in ɗaga su ga haske, duk wanda na hango taga ta cikinsa to ya gama yayi, in an haɗa shi da sabo shi zai fara yagewa ya bar rami.

Sai guga. Kai, da wani ya gaya min cewa zan fi daɗewa a gaban ayan fiye da gaban keke da na ƙaryata shi. Kuma ba irin gugar kaya ba ce da ake kai hannu a dawo, wannan in aka yi haka ƙyallen talewa zai yi, dannawa ake yi a ɗaga, a matsa gaba a danna a ɗaga. Cin ɗinkin a kwantar da shi ta ɓangaren ƙyallen da ya fi duhu don kar ya haska ta cikin mai haske. Amma abin da ya fi burge ni shi ne wannan: layi na farko a kwantar da duk cinsa dama, na biyu hagu, na uku dama, haka har ƙarshe. In aka zo haɗa layi biyu sai tudun wannan ya faɗa kwarin wancan, da yatsa ma ana jin sanda suka shige juna, wani ɗan ƙyas haka, sai a soka fil a wurin. Ranar da na fara jin wannan a yatsana ni kaɗai a ɗaki nake dariya.

Kafin in sake haɗawa na baje duka 192 a ƙasa na yi ta musanya su, nan ma na koyi wani abu, wai ashe ba kalar ce ke sa bargo ya fito ba, haske da duhu ne. Ja da kore a ido daban suke amma in ƙarfinsu ɗaya ne daga nesa sai su narke su zama abu guda. A ɗauki hoto da waya a mai da shi baƙi da fari, nan take za a ga inda duhu ya taru ya yi dandazo da inda ya yi fayau ba komai. Na yi haka ya fi sau goma, yara suna tsallake ƙyallaye ina ta kar a taka, kar a taka.

Ana cikin haka keke ya ce bai san zancen ba. Sama ɗinki lafiya lau, in na juya ƙasa sai in ga zare ya cukurkuɗe kamar gashin da ya yi wata bai ga mataji ba. Tunda a ƙasa ɓarnar take sai na ɗora wa bobin laifi, ɗan abin nan da ake naɗe zaren ƙasa a jikinsa, na cire, na sake naɗi, na kwance shatil, wato ƙarfen da bobin ke zama a cikinsa, na goge na sa mai na mayar, har ɗan sukurun jikinsa na murɗa wanda bai kamata in taɓa ba, abu dai yana nan. Ashe laifin na sama ne. Zaren sama yana bi ta tsakanin wasu fayafai biyu da ke matse shi, kuma ba sa buɗewa sai an ɗaga ƙafar keke, ni kuwa na zura zare ƙafa tana sauke, bai shiga tsakaninsu ba, ba abin da ke riƙe shi, sai shatil ya yi ta janye shi ƙasa yana tarawa. Na ɗaga ƙafa na sake zurawa, magana ta ƙare. Awa biyu a kan abin minti ɗaya. Wannan wahalar ce ta sa na tsaya na kalli yadda keken ke aiki da kyau, ina juya tayar da hannu a hankali, allura ta nutsa da zaren sama, tana ɗagowa sai zaren ya yi ɗan lanƙwasa a ƙasa, bakin shatil ya cafke shi ya zagaya da shi bayan zaren bobin, su sarƙe a tsakiyar yadi. Shi ya sa allurar keke hujinta a baki yake, ta hannu kuwa a gindi. Irin wannan ɗinki mai zare biyu Elias Howe ya yi wa rajista a Amurka a 1846, Isaac Singer ya biyo da nasa keken a 1851. Kafin su akwai wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, da ya yi rajistar keke mai zare ɗaya a 1830, shekara na zagayowa teloli suka far wa wurin aikinsa a Faris suka farfasa kekunan don tsoron kar a raba su da sana'arsu. A ranar da zare ya cukurkuɗe min kam na ɗan fahimce su, ko da yake dalilinmu ba ɗaya ba. Allura ma a riƙa canzawa, lamba 80/12 ta wadatar ga auduga, 80 ɗin nan kaurinta ne wato milimita 0.8, jins kuwa sai 100/16, kuma in aka ji keke ya fara wani dum-dum yana dukan yadi maimakon huda to allura ta dakushe.

Da fuskar ta haɗu na zauna na ƙirga mahaɗa, wato inda kusurwa huɗu ke gamuwa, 11 sau 15, guda 165 ke nan. Ashirin da uku ba su gamu ba. Na so in sake farkewa, sai na shiga neman yadda na wasu yake, na kuwa faɗa kan mata iri biyu da suka raba min hankali. Akwai Jane Stickle ta jihar Vermont a Amurka, wadda ta gama nata a 1863 ana tsakiyar yaƙin basasarsu, gida-gida 169 a tsakiya kowanne da zanensa, ƙyalle 5,602, ita da kanta ta ɗinka adadin a kusurwar bargon, yana nan a gidan tarihi na Bennington. Ni da 192 nake kuka. Sannan akwai matan Gee's Bend, wani ƙauye a lanƙwasar kogin Alabama a Amurka, baƙaƙen fata jikokin bayi, su kuma da tsofaffin kayan aikin gona suke haɗa nasu, ƙafar wandon jins da gwiwa ta koɗe, har inuwar aljihun da aka cire ana gani, layukan ba su miƙe ba, wani ƙyalle ƙato wani siriri, amma in ka kalla ba ka son ɗauke ido. A 2002 aka baje kolinsu a Houston sannan a gidan zane na Whitney a New York, a 2006 har kan sarki aka buga da hotunansu.

Na ga masu cewa ai ga shi nan, awo ba dole ba ne, kowa ya yi yadda ransa ke so. Ni ban yarda ba. Matan nan tun suna yara suke ɗinki a gaban iyayensu mata, hannunsu ya san yadi, in sun karkata layi sun san sun karkata kuma sun san abin da zai tare shi a ɗaya gefen, bargonsu yana kwanciya shar a kan gado. Nawa na farko ba zaɓa na yi ya karkace ba, kuɓuce min ya yi, kuma ko kwanciya ba ya yi sai tudu da kwari. Amma dai su ne suka sa na bar yawancin ashirin da ukun nan yadda suke, na gyara biyar da suka fi muni na ce sauran Allah ya ba da haƙuri.

Haɗa hawa uku kuma aikin gwiwa ne. Shafi a ƙasa fuskarsa na kallon daɓe, a ja shi ya miƙe a liƙe gefunansa da salatif, ya zarce fuskar da kamar santimita 10 ta ko'ina don ɗinki yana janye shi. A tsakiya wani tsohon bargo mara nauyi na sa, sannan fuskar a sama, sai fil mai makulli, wanda wani Ba'amurke Walter Hunt ya ƙirƙiro a 1849, Allah ya sa ya san irin ciwon yatsan da ya jawo. Tazarar tafin hannu tsakanin wannan da wancan, kusan kowane ƙyalle da nasa, tun daga tsakiya ake farawa a yi waje. Wajen na hamsin farcena ya fara zafi sai na ɗauko ƙaramin cokali ina tallafo bakin fil ɗin da shi ina rufewa, ya kuwa yi.

Na kai shi keke, layi biyu kawai na yi na tsaya. Haƙoran keke suna jan na ƙasa, ƙafa tana tura na sama, kafin a kai ƙarshe fuskar ta tattare ta yi baki. Akwai wata ƙafa ta musamman mai nata haƙoran da ke jan na sama daidai da na ƙasa, ni ba ni da ita, sai na koma hannu, kuma a nan ne na ji daɗin aikin gaba ɗaya. Ashe ma haka ake yi a wurare da yawa, matan Bengal, a Bangaladash da gabashin Indiya, tsofaffin sari suke jerawa hawa-hawa su bi su da ɗinkin hannu miƙaƙƙe, kantha suke ce masa, a arewacin Japan kuma manoma faci a kan faci suke yi wa kayansu rinannu da shuni, shi ne boro, irin ɗinkin da ake bin sa da shi kuma sashiko, galibi da farin zare. Ba wani ɗinki ne mai wuya ba, shiga ne da fita. Na samu zare mai ɗan kauri, kowane taku kamar rabin santimita, in ɗora uku ko huɗu a kan allura sannan in ja, ƙullin farko kuma a ɗan fizge shi ya shige ciki ya ɓuya. Hular yatsa ta ƙarfe da na raina da farko, dare na uku da kaina na nemo ta. Kullum layi ɗaya ko biyu, bargon a cinyata yana ƙara nauyi yana ƙara laushi, wurin da aka bi ya yi wani ɗan kumbure-kumbure mai daɗin shafawa, mako biyar na yi a haka kuma ban ƙosa ba.

Bakin ba wani labari, dogon ƙyalle mai faɗin santimita 6 na ninka biyu, na ɗinka ta gaba da keke na naɗo shi baya na kama da hannu. Kusurwa ta huɗu ta fi ta farko kyau, shi ke nan.

Saura wanki, ina murna zan ga yadda zai fito. Na tsoma shi a ruwa, ban kai ga sa sabulu ba na ga ruwan ya fara sauya kala. Akwai wasu jajayen ƙyallaye guda bakwai, ragowar sabon yadi ne da bai taɓa ganin ruwa ba, ashe yana zuba. Duk farin da ke maƙwabtaka da su sai da ya samu rabonsa. Na yi ta ɗauraya ina canza ruwa, ya ragu amma bai fita duka ba, kuma da ya bushe sababbin ƙyallayen sun ɗan tsuke tsofaffin ba su tsuke ba, don auduga takan ja a wankin farko. Wannan laifina ne tsantsa, an faɗa na karanta na ce ina, wa zai tsaya wanke ƙyalle ɗaya-ɗaya. Gwajin kuwa ba wuya, a jiƙa ƙyalle a ɗora a kan farin tsumma a danna da ayan, in ya bar shaida to a ware shi a yi ta wankewa shi kaɗai, ja da shuɗi mai duhu su ne manyan masu laifi. Gishirin da ake cewa a zuba na gwada daga baya, ni dai bai hana min komai ba.

'Yata ko a jikinta. Ta baje shi a gado tana bi da yatsa, wannan rigata ce, wannan zanen gadonmu ne, wannan rigar Abba ce mai aljihu, ta kai kan farin da ja ya ɓata ta ce wannan ruwan hodar a ina na samo shi, ya fi kyau. Ban ce mata komai ba.

Buhu kuwa ko alamar raguwa bai yi ba, sai ma ƙari, don duk abin da na datse wajen yanka 192 ɗin nan sirara ne dogaye kuma hannuna ya ƙi jefarwa, ƙanwata ma da ta ga bargon sai ga ta da jaka guda ta ce, "Yaya, ga nawa, ki yi min irinsa." Siraran su suka kai ni ga wani zane da ake kira ɗakin gungume, wanda ya yi tashe a Amurka tun shekarun 1860, ɗan ƙaramin ƙyalle a tsakiya sai a yi ta zagaye shi da sirara kamar ana jera itace, ɓangare ɗaya masu haske ɓangare ɗaya masu duhu. Na tsakiyan bisa al'adarsu ja ne, wai murhun gida ke nan. Jan da nake da shi kuwa shi ne dai wancan mai zubar, yau kwanansa biyu a bokiti, ruwa na huɗu ke nan, ɗazu na leƙa har yanzu da sauran ja-ja.